Dutsen Baƙi na Umbadda

Ranar da na koma Umdurman, mako biyu bayan Babbar Sallar 2025, ban fara da kasuwa ba. Na riga na san abin da zan tarar a can, an turo mini hotuna tun ina Gadarif: layinmu na Suk Libya ya zama gawayi da lanƙwasassun kwanuka. Gida na nufa, a Umbadda. Mai raksha ya sauke ni a bakin kwalta, ya ce shi ba zai shiga lungu ba, sai na saɓa jakata na ratsa ta filin da yaranmu suke buga ƙwallo. A tsakiyar filin nan, inda a da ba komai sai rairayi da ledoji, na tarar da dutse a tsaye.

Ba irin dutsen da ake jefarwa a manta ba ne. Gini ne, wani ya zauna ya yi shi. Ni mai sayar da yadi ne, idona ma'auni ne: tsayinsa yadi ɗaya da ɗan ɗoriya, faɗinsa bai cika yadi ba. An jera jajayen duwatsu irin na harsashin gida, an haɗe su da siminti, sannan aka kafa wani falalen dutse a fuskar da ke kallon gabas, an goge shi sumul. A jikinsa abu uku kawai aka sassaƙa. Daga sama kalma ɗaya. A tsakiya zane tara a jere, kamar yadda mai goro yake lissafin ƙwarya a bango. Daga ƙasa shekara, 1445. Ba sunan mamaci, ba sunan magini, ba sunan wanda ya biya.

A gewayensa ƙasa ta yi tudu-tudu. Duk wanda ya taɓa raka gawa ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne wannan.

Kalmar nan ita ce ta hana unguwa zaman lafiya, ni ma ta hana ni barci. Harafi huɗu ne: ba, alif, ƙaf, ya. 'Yan makarantar boko na nan Sudan in sun karanta sai su ce "bafi", su yi dariya, don ɗigo ɗaya ne a saman harafi na uku, su kuwa a wurinsu ƙaf ɗigo biyu gare shi, mai ɗigo ɗaya a sama fa ne. Amma duk wanda ya riƙe allo a Katsina ko Maraɗi ko Barno ko Wadai ya san cewa a rubutunmu na Warshu ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, fa kuma ɗigonsa a ƙasa yake. To, ƙaf ne. Larabawan unguwa suka ce ai "bagi" ne, yadda suke furta shi, wato abin da ya saura, irin canjin da ake maida wa mai saye. Liman ya ce a'a, mai rubutun sunan Allah ya nufa, Al-Baƙi, Mai wanzuwa, kamar yadda ake sawa a wasu kaburbura, sai dai bai sa alif da lam ba. Ni kuwa da na tsaya a gabansa da jakata a kafaɗa, ban karanta Larabci ba. Hausa na karanta. Baƙi. Mu ke nan.

Sai na faɗa muku abin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi a wurin.

Ina da ɗa, ɗan yayata da ke aure a Maraɗi. A 2019 ta damƙa mini shi yana ɗan shekara 17, ta ce, "Ga shi nan, ka koya masa abin da Allah ya koya maka." Yaro ne mai nutsuwa, ya yi karatun allo har ya yi nisa kafin a kawo shi. Cikin wata shida ya iya Larabcin kasuwa fiye da ni da na shigo ƙasar tun 1994, ta Injamena da Abashe da Janena, a bayan babbar mota. Shi ke riƙe da littafin bashi, shi ya koya mini tura kuɗi ta waya. In matan unguwa sun zo neman shadda ko atamfa, shi suke tambaya, ni sai su ce da ni "ya Hajj" su wuce.

Yaƙi ya tashi ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, azumi ya kai 24. Kowa ya ce kwana uku ne, manya ne suka saɓa, za su shirya. Muka yi Ƙaramar Salla da ƙarar jirgi a kanmu. Muka ji an kwashe ɗaliban Najeriya a motoci zuwa iyakar Masar, muka ce mu ai ba ɗalibai ba ne, muna da shaguna. Da muka ga an fara fasa kasuwanni, ni da yaron nan muka yi kwana huɗu muna jidar bandir-bandir a kan karo, wato amalanken jaki, daga shago zuwa gida. A watan Yuni na ɗebi iyali muka zagaya ta Shandi da Atbara zuwa Gadarif, inda nake da surukai. Shi kuma na ce ya zauna ya kula da kaya, mako biyu zan dawo.

Ni na ce ya zauna. Bai roƙa ba, bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To, Kawu." Ina rubuta wannan ne don kada wani mai karatu ya ɗauka ƙaddara ce kurum ta faɗo daga sama. Ƙaddara ce, amma ta bakina ta biyo, a kan yadin da in an tara shi duka bai kai kuɗin tsohuwar mota ba.

Mako biyu ya zama wata biyu. Hanyoyi suka rufe. A Nuwamba 2023 gadar Shambat da ta haɗa Umdurman da Bahri ta karye. A Disamba Madani ta faɗi, mu ma a Gadarif muka fara ɗaure kaya. Ina tura masa kuɗi in layi ya samu, yana aiko mini da saƙon murya. Na ƙarshe ya zo a farkon Fabrairu 2024, dab da a yanke layukan waya da intanet a ƙasar baki ɗaya. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Ya ce kaya suna nan, sai dai ruwa ya yi tsada, in gaida su Inna. Wannan watan, in ka duba kalandar Musulunci, a cikin shekarar 1445 yake.

A gidan ban samu komai ba. Ba ƙofa, ba taga, ba ko ƙyalle. Angareb ɗinsa na nan an kwance igiyoyin.

Kafin in ci gaba, bari in koma baya kaɗan, don wannan ba shi ne dutse marar suna na farko da ya shigo rayuwata ba. A Yulin 2022, wata rana da hantsi muna shan jabana a ƙofar shago, yaron nan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, ka ga abin da aka fasa a Amurka." Labarin wasu duwatsu ne a jihar Jojiya, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Elberton, garin masu sassaƙa dutse. Ya karanta mana, muka bar ciniki muka zauna gardama har azahar. Daga baya ni ma na bi labarin da kaina, don na kasa cire shi a rai.

A watan Yuni 1979 wani mutum mai kamala ya shiga kamfanin sassaƙa dutse na wani Joe Fendley, ya ce sunansa R. C. Christian, ya kuma ce ba sunansa na gaskiya ba ne, wakilin wasu mutane ne da ba sa so a san su. Ya kawo fasalin abin da yake so a gina. Mai kamfanin ya ɗauka mai taɓin hankali ne, ya yanka masa farashi mai tsada don ya kore shi, mutumin bai ko nemi ragi ba. Mu 'yan kasuwa a nan muka fara girgiza kai. Sai aka tura shi wurin shugaban banki na garin, Wyatt Martin. Shi kaɗai aka gaya wa sunan gaskiya, bisa alkawarin ba zai taɓa faɗa ba, kuɗi kuma ta hannunsa suke biyowa. Ranar 22 ga Maris 1980 aka buɗe abin: manyan falalen duwatsu huɗu a tsaye, ginshiƙi a tsakiya, murfi a sama, tsayi kusan mita 6, nauyi ya haura tan 100. An huda shi ta yadda za ka hango tauraron arewa ta wata kafa, ta wata kuma hasken rana ya sauko da tsakar rana ya nuna kwanan wata. A jikin duwatsun an rubuta shawarwari goma ga 'yan Adam cikin harsuna takwas: Turanci, Sifaniyanci, Suwahili, Hindi, Ibraniyanci, Larabci, Sinanci da Rashanci.

Wasu shawarwarin ba laifi, a yi adalci a kotu, a bar wa daji da dabbobi wurinsu. Ta farkon ce ta tayar da ƙura, don cewa ta yi kada yawan mutanen duniya ya wuce miliyan 500. A lokacin da aka rubuta haka mutanen duniya sun haura biliyan 4. Wani maƙwabcina mai sayar da turare, Bafallace ɗan Mai Wurno, ya aje kofinsa ya ce, "To sauran fa, ina za a kai mu?" Shekara 42 duwatsun nan suka yi a tsaye, masu yawon buɗe ido na zuwa, wasu na cewa aikin shaiɗan ne, wasu na watsa musu fenti. A 2015 wasu masu fim suka ce sun gano mutumin, wai wani likita ne daga jihar Iowa. Ma'aikacin bankin dai bai taɓa fitowa ya faɗi sunan ba. Da asubahin 6 ga Yuli 2022 wani ya dasa abin fashewa ya tarwatsa dutsen da ke ɗauke da Suwahili da Hindi, kafin dare hukuma ta rushe sauran don kada su faɗo wa mutane. Wanda ya gina bai bar suna ba, wanda ya fasa ma bai bari ba.

Ra'ayina a ranar, kuma ban canza ba: mutumin da zai gaya wa duniya yawan 'ya'yan da za ta haifa, ya kamata ya tsaya a gaban maganarsa a gan shi. Ɓoye suna iri biyu ne. Akwai na mai sabil, wanda yake aje tulunan ruwa a bakin titi a ƙarƙashin bishiya, kamar yadda ake yi ko'ina a Hartum da Umdurman, ya cika su da asuba ya tafi, ka sha ba ka san wa za ka gode wa ba. Akwai kuma na mai jifa daga bayan katanga. Yaron nan bai yarda da ni gaba ɗaya ba. Ya ce shi abin da ya burge shi ma'aikacin bankin ne, da ya riƙe amana shekara da shekaru alhali 'yan jarida na bin sa. Na ce masa ya je ya kula da shago.

Ba a yi kwana goma ba muka manta da Amurka, don wuta ta tashi a jihar Bulu Nayil, wajen Rusairis da Damazin, tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, kan maganar sarauta da ƙasa. Sama da mutum ɗari suka mutu a wannan watan. Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kassala da Gadarif. Tushen maganar shi ne, wa ke da ƙasa, wa ne baƙo. Mutanen da kakanninsu suka nome audugar Jazira, waɗanda aka haifi ubanninsu a bakin kogin nan, aka wayi gari ana tambayarsu takardar zuwa.

Mu kuwa ba mutanen dutse ba ne, shi ya sa ba mu da abin nunawa. Ka je Karari, arewa da Umdurman, inda aka gwabza ranar 2 ga Satumba 1898 tsakanin rundunar Kitchener da Ansaru na Halifa Abdullahi. Kafin azahar an kashe Ansaru sama da 10,000, a ɓangaren Ingila da Masar kuwa ba su cika 50 ba. Ingilishi suka kafa hasumiyar tunawa da mahayan dawakinsu 21 da suka mutu a kwarin wurin, kuma har yau sunan kowannensu yana rubuce a littattafansu. Dubban nan fa? Na taɓa kai yarana wurin wata Juma'a, muka tsaya muna kallon fili da duwatsu. Kitchener ya rushe ƙubbar Mahadi, sai a 1947 ɗansa Sayyid Abdurrahman ya sake gina ta. Gunkin Gordon a kan raƙumi da na Kitchener a kan doki sun yi zamaninsu a titunan Hartum, bayan samun 'yanci aka sauke su a ƙarshen 1958 aka maida wa Ingila kayanta. Duk waɗannan an san masu su, an san wanda ya kafa, an san wanda ya sauke.

Namu mutanen fa? Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har bakin Bulu Nayil kusa da Sinnar, garin da suka kafa yana amsa sunansa har gobe. Shi ya samu suna. Amma tsakanin Burmi da Sinnar, da tsakanin Kano da Suwakin a hanyar masu zuwa Hajji da ƙafa, mutum nawa aka rufe a gindin ƙaya aka ɗora dutse ɗaya aka wuce? A gidajenmu da yawa akwai labarin kakan da "ya tafi gabas". Iyakar tarihinsa ke nan. A gidanmu ma akwai, ƙanen kakana ne.

To, mu dawo Umbadda. Na yi kusan wata ina bin diddigin dutsen nan, kuma yadda ɗan kasuwa yake bincike na yi, wato ta hanyar tambayar me abu ya ci. Siminti buhu ɗaya aƙalla. Wa ke da siminti a wannan lokacin, da mutane ke sayar da katifa su sayi gari? Ruwa kuma, kwaɓa wannan simintin ya ci jarka uku ko huɗu, a lokacin da famfo ya ƙafe, ake sayen ruwan sha daga mai karo da tsada kamar man fetur. Wanda ya yi ginin nan ruwan shansa ya zuba a ciki. Goge falalen dutse da sassaƙa shi kuwa ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma ƙarar guduma tana tafiya nesa a unguwar da kowa ke ɓoye numfashinsa.

Waɗanda suka zauna a layinmu har ƙarshe ba su fi gida shida ba. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai sayar da shayi, wadda ta ƙi tafiya saboda mijinta ba ya iya tashi. Ita ta fi kowa sani. Ta ce tun da hanyar maƙabartar Hamad al-Nil ta zama ba ta biyuwa, aka fara rufe mutane a filin, da sassafe, a gurguje, wani lokaci mutum uku ne kawai a sallar. Huɗu ta san su: mijinta, da ciwon suga ya ɗauke shi don ba magani, wata mata da jaririnta da dana ta faɗa wa ɗakinsu, wato harsashin igwa, da wani mai karo. Sauran an tsince su ne a titi, ba takarda a aljihu, wasu fuskar ma ba ta ganuwa. Na ce, "Hajja, yarona fa?" Ta ce ta san shi sarai, shi yake kawo mata ruwa, yana kuma taimaka wa samarin takiyya, masu dafa adas a manyan tukwane suna raba wa unguwa. Ta ce har da haƙa kabari ta gan shi ya yi. Sai wata rana ta daina ganinsa. Wace rana? Ta ce, "Ya Hajj, a lokacin nan ranaku ba su da suna."

Dutsen kuwa, ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita kwanaki, da ta tashi ta gan shi a tsaye. Amma da dare takan ji ƙwanƙwasa, a hankali, kamar mai tsoron ya ta da yaro daga barci.

Wani ya ce mini wani magini ne ɗan Duwatsun Nuba da ke zaune a bayan masallaci, Kirista, wanda ya iya aikin dutse, ya tafi Kudu tuni. Mai yiwuwa shi ya yi ginin, amma ina ya samo ƙaf ɗin allo? Wani ya ce wani faki ne daga Darfur, su ma a halwowinsu akwai masu irin wannan rubutu. Wani ya rantse cewa ɗaya daga cikin masu bindigar ne da abin ya dame shi. Na samu lambar ɗaya daga cikin samarin takiyya, yanzu yana Masar, ya ce su ba su yi ba, ba su da lokacin dutse, tukunya ce a gabansu. Na tambaye shi yarona. Ya yi shiru, ya ce ya ji an ce an kama wasu samari a layin, ya kuma ji an ce wasu sun bi ayari yamma. Wanne ne nasa, bai gani da idonsa ba.

Wata safiya na je da ruwa na wanke fuskar dutsen, na durƙusa na duba zanen nan tara da kyau. Takwas zurfinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, hannu ɗaya ne. Na tara ya fi su gajarta, ya karkace, kamar da ƙusa aka yi shi ba da kurfi ba. Wani ne ya zo daga baya ya ƙara. Tun ranar nake juya abin a raina. In yarona ne ya zana ƙaf ɗin nan, ya jera takwas, to wa ya ƙara na tara, kuma don wa? In kuwa ba shi ba ne, yana iya kasancewa a cikin takwas ɗin, ko kuma yana wani gari yanzu haka ba waya a hannunsa. Duk dare sai na bi hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta maido ni bakin filin.

'Yan uwana fatake, a nan zan ɗan tsaya in yi muku maganar da ba ta da daɗi. Yawancinmu yaran da ke shagunanmu ba su da wata takarda a jikinsu, fasfo yana akwatin maigida, wani ma sunan da muke kiransa ba shi ne sunan yankansa ba. Mutum biyar a filin nan an rufe su ba a san ko su wa ne ba, don kawai ba abin da ke aljihunsu. Yanzu duk wanda ke ƙarƙashina, har 'ya'yana mata, akwai 'yar takarda a leda da aka ɗinke a cikin rigarsa kamar laya: sunansa, sunan uba, gari, da lambobin waya biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta gida, da Larabci da boko. Mu 'yan layinmu da muka dawo mun kuma buɗe littafi, kowa ya rubuta yaransa da iyayensu, an ɗauki hotonsa an tura wa mutum uku a garuruwa uku. Ko a Kwatano kake ko Jidda ko Bangi, bai fi aikin yamma ɗaya ba.

Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris 2025, Suk Libya a ƙarshen watan, a Mayu aka ce jihar Hartum duka ta koma hannunsu. Da mutane suka fara dawowa sai aka ga ashe ba filinmu kaɗai ba ne. Kaburbura a tsakar gida, a harabar makaranta, a gefen titi, a ƙofar masallaci. Hukumar likitocin binciken gawa ta jiha tare da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar suka shiga aikin tono su ana maida su maƙabartu na ainihi. Ana sanar da iyalai su zo su tsaya, wanda ba a san shi ba a ba shi lamba. Ba su iso layinmu ba tukuna, amma an zo an rubuta filin.

Nan unguwa ta rabu. Masu yara suna so a kwashe a ba su filinsu, kuma da gaskiyarsu, ba wanda yake son ɗansa ya buga ƙwallo a kan mutane, ga damina tana zaizaye ƙasa. Tsohuwar nan ta ce mijinta ba inda za shi. Wasu matasa suka ce dutsen ma bidi'a ne, a fasa shi tun kafin mata su fara ɗaura masa ƙyalle. Liman, mutum mai sanyin hali, ya ce gini a kan kabari malamai sun yi magana a kansa, amma sa alama ba laifi ba ne, ya kawo labarin Usmanu ɗan Maz'un, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauko dutse da kansa ya aje a wajen kansa don a gane kabarin. Ya ce in an kwashe mutanen, dutsen ya zama dutse kawai, sai a san yadda za a yi da shi. Ni na ce in za a fasa, a bar mini falalen, zan biya. Wani ya ce a kan me, naka ne? Ban iya ba shi amsa ba.

Abin da ya fi mini wuya shi ne yayata. Shekara ɗaya da rabi ina ce mata layi ne ba kyau, ana nema, a ci gaba da addu'a. Ba ƙarya na yi ba, amma ban taɓa gaya mata cewa ni na ce ya zauna ba. Bayan na wanke dutsen na kira ta, na faɗa mata duka, tun daga karo da bandir har zuwa zane na tara. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi, "Turo mini hoton rubutun."

Na tura. Kwana biyu ba ta kira ba. A na uku ta ce ta kai wa malaminsu na allo, tsoho ne yanzu, sai da aka ƙara masa girman hoton a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙaf ɗin nasu ne, yadda aka ja wutsiyar ya ɗin ta koma baya ma haka yake koyarwa, amma yara ɗari nawa ya koya wa haka, shi ma haka aka koya masa, kuma hannu a kan dutse ba hannu a kan allo ba ne. Ta ce ta binciko tsohon allonsa a ɗaki, an wanke shi tuntuni, sai inuwar tawada.

Sannan ta tambaye ni ranar da masu tonon za su zo. Na ce ba su sa rana ba. Ta ce in sun sa in gaya mata da wuri, kuma in tsaya a wurin da kaina, kada in aiki kowa. Ta ce yana da karaya a hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, tun yana ɗan shekara tara da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ɗorin gida aka yi masa, ƙashin bai zauna daidai ba. In gaya wa likitocin su duba.